Daƙiƙa Tara da Rabi

A bayan gidan Mista Hallam, a Coventry,
akwai gareji mai warin tsohuwar fata da baƙin mai.
Nan take kwance cikin mayafinta,
ƙofa biyu, dogon hanci,
launinta na miyar kuka da ta sha wuta,
silinda goma sha biyu na barci a ƙirjinta.

Ni aikina wanka ne da magani:
farar ƙwaya da safe, rawaya biyu da dare,
in ɗaure masa igiyar takalmi,
in saurari labarin da na saurara jiya.
Balaraba ya fi ƙarfin harshensa,
Bala yake ce mini, na bar masa.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a masana'anta,
shi ke ɗanɗana su kafin masu kuɗi su hau.
"Daga tsaye cik zuwa mil sittin," in ji shi,
"daƙiƙa bakwai. Da hannun nan na auna."
Hannun nan da yanzu ba ya kai cokali baki
sai riga ta karɓi rabonta.

Wata Lahadi ya miƙo mini makulli.
Na ce, ni? Ni da na koyi tuƙi
a akwalar yayana kan hanyar Funtuwa,
wadda sai an tura take tuna sunanta?
Ya ce, ƙafa ai ƙafa ce.

Muka fita bayan gari, wani tsohon filin jirgi,
ciyawa ta tsaga kwalta ta leƙo,
tumaki na kallonmu ta bayan waya.
Na ɗaura masa bel, na gyara masa hula.
Ya aza agogon awo a cinya,
babban yatsa na karkarwa a kan maɓalli.

"Kada ki lallaɓa ta. Taka har ƙasa."

Na taka.

Da fari shiru. Ɗan jinkiri,
irin na dattijuwar da aka kira tana lazimi,
sai ta shafa tukuna.
Sannan ta ɗaga hanci, ta dafe ƙasa da baya.
Ba ihu, ba tari,
gurnani ne can ƙasa, na hadarin da bai iso gari ba.
Kujera ta cafke bayana,
hanjina ya tsaya inda muka taso.
Allura ta wuce ashirin ba sallama,
talatin,
arba'in, giya ta shige kamar ɓarawo a daren ruwa,
shinge ya narke ya koma zare,
hamsin, na ji bakina na salati ban aike shi ba,
sittin.

Ƙat.

Na saki totur, na nemo birki a hankali.
Ya kai agogon daf da tabarau.
"Tara da rabi."

Na fara tattaro uzuri:
fetur ya kwana biyu, tayoyi sun bushe, ƙafar baƙuwa ce.
Sai dariya ta shaƙe shi har da tari,
hawaye na bin kwazazzaban fuskarsa.
"Shekara arba'in suka zo karɓar haraji,
daƙiƙa biyu da rabi kacal ta ba su.
Ni fa? Daga gado zuwa banɗaki, minti huɗu,
shi ma sai kin riƙe ni."

Inji na huci, ƙarfe na ƙas-ƙas yana sanyi.
Ya shafa katakon gaban motar
kamar mai shafa kan jika.

Muna hanyar gida, bai dube ni ba ya ce,
"Kin ɗaga ƙafa a hamsin. Kaɗan. Na ji."
Ban musa ba.
"Lahadi mai zuwa," in ji shi, barci na fizgarsa.

Yau Talata. Ina bas, kujerar baya,
jakar aiki a cinya, yayyafi a gilashi.
Fitila ta koma kore,
direba na ja kamar mai jan guga,
ni kuwa ƙafata ta dama
tana danna ƙasa, tana dannawa,
ina ƙirgawa a zuci.